Shafi Huɗun da Yaya Sabo Ya Bari

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, a tsakiyar daminar shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, Yaya Sabo ya zaro wani littafi mai shuɗin bango daga cikin rigarsa. Muna gindin rumbun gero a bayan ɗakin Inna, ni ina tsinkar rama a faifai, ƙanwata Azumi tana kwance a tabarma an ɗaure mata gwiwoyi da tsumma. Baba ya tafi maimai a gonar nesa, ba zai dawo ba sai azahar. Sai da Yaya Sabo ya leƙa zaure sau biyu ya tabbatar babu kowa, sannan ya dawo ya zauna a kan turmin da aka kife, ya lashi yatsa, ya buɗe. Irin littafin nan ne mai layi-layi da 'yan boko suke rubutu a ciki, kuma shi ya cika shi da hannunsa. Ya ce, "Abin da zan karanta muku, na gan shi da idona a jikin bango a Kano. Duk wadda ta faɗa wa Baba, ba ni ba ita." Na ce to. Azumi kuwa ta ja jiki da gwiwar hannu har kanta ya taɓa ƙafarsa. Ni ban fi shekara goma sha ɗaya ba a lokacin, ita kuwa takwas.

Ƙauyenmu yana gefen Kademi a ƙasar Gaya, ƙaramin wuri ne, in zakara ya yi cara a gidan farko ana jin sa a gidan ƙarshe. Mu uku Inna ta haifa muka tsaya. A duk ƙauyen Yaya Sabo ne kaɗai ya yi nisa a boko, shi ma ba da son Baba ba, dagaci ne ya sa aka ɗauke shi. Daga firamaren Gaya ya wuce makarantar kwana a Kano. Ranar da zai tafi Baba ya kafa masa sharaɗi a gaban kowa: ranar da ya ji an gan shi a ƙofar sinima, ranar zai dawo ya riƙe fartanya, boko ya ƙare. To ga shi ya je. Ɗanjuma ne ya ja shi, ɗan ƙanin Inna, mutumin Gafasa ta ƙasar Ajingi, wanda yake koyon facin keke a birni a lokacin. Sau ɗaya suka shiga. Da Yaya Sabo ya koma makaranta abin ya ƙi fita daga kansa, sai ya zauna ya mai da shi littafi da Hausa, don Azumi.

Azumi ita ce auta, kuma da ciwo ta zo duniya. Amosani muke ce masa, yanzu na ji likitoci suna cewa sikila. In sanyin damina ya shigo sai ƙasusuwanta su kama, ta yi ta ihu kamar ana sara su da gatari. An yi rubutu, an yi sassaƙe, an yi gashi da tsumma mai zafi, an shafa man shanu har ɗakin ya riƙa wari. In ya lafa ta tashi ta yi kwana goma tana yawo, idonta rawaya, cikinta tulu, sai kuma ya dawo. Ni ce ƙafarta. In na gama surfe na kai awaki bakin fadama, na ɗebo ruwa tulu uku a rijiyar bayan gari, sai in goya ta in kai ta dandali ta ga ana gaɗa. Ba ta shiga, tafi kawai take yi daga zaune. Carafke kuwa babu mai cin ta, don hannunta lafiya lau yake, kuma ta fi kowa lokacin koyo.

Labarin na wani mutum ne da harsashi ba ya shigarsa. Yana ɗaga babbar mota da hannu ɗaya, yana rufe fuska kada a gane shi, kuma akwai wani ƙyalle da yake ɗaurawa a wuya ya sauko har dugadugansa, in ya baza shi sai ya tashi sama kamar shirwa. Yaya Sabo ya ba shi wani suna na jarumta, amma bai zauna ba. Inna tana tankaɗe a bakin madafa tana yi kamar ba ta ji, sai ta ce, "Namiji da mayafi? Allah ya sauwaƙe." Shi ke nan, ya zama Mai Mayafi har a bakin mai littafin. A cikin littafin yana da uwa mai yi masa tuwon dawa da miyar kuka. Yana da akuya mai ƙaho ɗaya. In lokacin salla ya yi yana sama, sai ya sauko kan dutse ya yi taimama. Kuma yana da ƙanwa wadda ba ta da lafiya sosai, ana ce mata Auta. Da aka zo wurin nan Azumi ta ɗaga kai ta dube ni, ni ma na dube ta.

Haka muka yi wannan hutun. Kullum Baba ya saɓa fartanya ya fita, in Yaya Sabo ya sami hanyar zamewa daga gona da sunan ɗauko ruwa, sai a karanta shafi biyu ko uku. Ba ya yarda ya wuce haka, wai kada ya ƙare da wuri. Azumi ta daina ƙin kunu, don an ce wadda ba ta sha ba, ba karatu. Na yi mata 'yar tsana ta karan dawa, na ɗaura mata guntun tsumma a wuya, ta riƙa shawagi da ita a saman kanta tana kwance. In ciwon ya taso sai ta cije leɓe ta ce, "Auta ba ta kuka." Ni dai ban taɓa ganin maganin da ya yi mata aikin da littafin nan ya yi ba, kuma na ga magunguna.

Ana saura kwana ɗaya ya koma makaranta, labari ya kai wurin da miyagu suka sace Auta suka kulle ta a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, suka sako ruwa. Shi kuma Mai Mayafi sun yaudare shi sun ɗaure shi da sarƙar jirgin ƙasa, sun yage mayafin. Ruwa ya kai wa Auta gwiwa. Ya kai mata ƙugu. Ya kai mata wuya. A nan muka ji gyaran muryar Baba a zaure, ya dawo da wuri don kan fartanyarsa ya fita. Yaya Sabo ya tura littafin ƙarƙashin matashin Azumi. Washegari da sassafe ya tafi neman mota, Baba yana riƙe da akwatinsa, ba halin karatu. Kafin ya fita ya sunkuya kamar zai yi wa Azumi sallama ya ce a hankali, "Saura shafi huɗu. Ki riƙe min, in na dawo hutun kaka zan ƙarasa miki." Hutun kaka wata uku ne a gaba. Ga mai lafiya ba komai ba ne.

Shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri. Gero ya fitar da kai ya tsaya, dawa ta naɗe ganye, manya suka yi ta fita roƙon ruwa. Hankalin kowa yana gona, ciwon Azumi kuwa ya tashi irin tashin da bai taɓa yi ba. Ƙafafunta suka kumbura, ta daina iya zama ko an jingina ta. Ban ƙara goya ta zuwa dandali ba, don ko taɓa ta aka yi sai ta yi ƙara. Abu ɗaya take tambaya. In na shigo da tulu a ka, kafin in sauke, sai ta ce, "Yaya Dije, ruwan ya wuce wuyanta?" In na dawo daga kiwo, haka. Sai ta zaro littafin ta buɗe shafukan ƙarshe ta miƙo min, ita ta san ban iya ba, ni na san ban iya ba, amma sai mu zauna mu biyu mu zuba wa baƙaƙen ido kamar za su ji kunya su yi magana. Na shinshina takardar nan. Na ɗaga ta a rana. Wallahi har lasa na yi, don na ga ana wanke rubutu a sha.

Na nemi mai karantawa, kada a ce ban nema ba. Na fara da Gwaggo Hajara, yayar Baba, wadda take koya mana allo a gidanta. Mace ce da ta sauke, ta san littattafai, in ta kama ajami kamar ruwa. Na ɓoye littafin a zani na kai mata bayan an tashi. Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta fara daga dama kamar yadda ta saba, sannan ta ce, "Wannan ai sawun kaji ne. Ina kika samo?" Na ce a hanya na tsinta, na karɓe abina da sauri. Sai wata rana malamin gona ya zo duba amfanin da ya ƙone, da alƙalami a aljihun gaba. Na bi shi tun daga bakin gari har gonarmu da littafin a ɗaure a cikina. Amma duk inda ya taka Baba yana gefensa. In na miƙa, zai karanta da ƙarfi, Baba zai ji mutum mai tashi sama, zai tambayi wanda ya rubuta, Yaya Sabo zai dawo ya riƙe fartanya a shekarar da fartanya ba ta ba kowa komai ba. Na tsaya a kan kunya ina kallo har ya hau babur ɗinsa ya tafi. Inna ta sani sarai, amma ita ma me ta iya? Cewa ta yi, "Ki ce mata ta yi haƙuri, kaka ta kusa." Kaka ta kusa, amma ni mai juya ta a tabarma na san wadda ta fi kusa.

Sai na ji labari Ɗanjuma ya baro birni ya koma Gafasa, kuma yana zuwa Kademi ranar kasuwa da kayan facinsa. Na ce alhamdulillahi. Ai tare suka gani. Na roƙi Inna ta dafa min 'yar gyaɗar da ta rage in kai talla. Na same shi a gindin tsamiya ya kife keke, yana tsoma robar taya a kwanon ruwa yana neman huji.

"Yaya Ɗanjuma, sannu da aiki."

"A'a, Dije bakin reza! Ya Inna? Sauke gyaɗar nan in ɗanɗana, in babu gishiri ba zan biya ba."

Na sauke, na tsuguna, na ce ya ba ni ƙarshen abin da suka gani da Yaya Sabo, na mai mayafin nan mai akuya. Ya tsaya da tauna. "Wace akuya?" Na ce mai ƙaho ɗaya, wadda uwarsa take ɗaurewa in za ta tuƙa tuwo. Ya yi dariya har ya ture kwanon ruwan. "Wane tuwo? Wace uwa? Bature ne fa, a gidan sama yake kwana. Kai, Sabo da ƙari!" A nan ya kamata in farga. Ban farga ba. Na ce to ƙanwar fa, da ruwa ya kai mata wuya? Ya ce, "Au, wannan? Mutuwa ta yi mana. Ya tsinke sarƙar, ya zo, amma kafin ya ɓalle ƙofa ruwa ya shanye ta. Ya ɗauko ta a hannu tana reto. Ai daga nan wasan ya yi daɗi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya jefa ta taga." Ya ci gaba da nuna min yadda aka yi naushin. Bai san dalilin tambayata ba, ban kuma faɗa masa ba.

Ga inda na yi kuskure, kuma zan faɗe shi yadda yake. Ni a duniya rubutu iri ɗaya na sani, na allo. Abin da yake cikin Littafi shi ake kwafewa, kuma wanda ya canja ko ɗigo ɗaya, Gwaggo za ta sa ya wanke ya sake, bayan ta ja masa kunne. Sai na ɗauka duk rubutu haka yake. Akuya da tuwo na ɗauke su ado ne, kamar zayyanar da ake yi wa allo ranar sauka. Amma mutuwa da rayuwa, wa ya isa ya taɓa? Abin da ya faru a bango ya faru, mai rubutu kwafa kawai zai yi. Ban taɓa kawowa a raina cewa mutum yana iya ɗaukar labari daga inda ya gan shi ya kora shi wata hanya daban, kamar yadda ake karya ruwa a fadama, ba.

A hanya na yi ta shirya ƙarya. Na shirya ta tsaf, har da yadda zan yi da fuska. To amma ni tun ina yarinya ƙarya ba ta zama a bakina. Inna takan ce, "Dije, ke in an aike ki gai da gurgu sai kin tambaye shi ƙafa." Na shigo bayan la'asar, na tarar da Azumi idonta a ƙofa. Ta san inda na je. Kafin in buɗe baki ta ce, "Yaya Dije, kar ki yi min ƙari. Ki rantse." Na rantse. Sannan na faɗa mata kamar yadda aka faɗa min, ban rage ba, ban sassauta ba, har da reton hannun. Sai ta ce, "Shi Yaya Sabo ya sani?" Na ce ai shi ya rubuta. Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta zaro littafin ta miƙo min. "Ungo, ajiye masa." Ta juya fuskarta bango.

Ba ta ƙara tambayata inda ruwan ya kai ba. 'Yar tsanar karan ta faɗa bayan tabarma, ba ta ce a ɗauko ba. Kunu in an matsa ta kurɓa sau biyu ta kau da kai. In ciwon ya taso yanzu kuka take yi sosai, irin na yara, ba cije leɓe. Na zauna a gefenta na ce ƙila Ɗanjuma ya manta ne, ƙila ya fita fitsari a daidai wurin. Ta ce, "Kin rantse." Kwana tara bayan nan, ranar da aka fara yankan ɗan geron da ya samu, da hantsi, ina tsakar gida ina sheƙa, na ji salatin Inna. Ni ban ce labari ne ya kashe ta ba. Kwana ne ya ƙare, kuma ciwon nan ko a yau yana ɗaukar yara a gadon asibiti. Abin da na ce shi ne, kwana taran nan da ta yi tana kallon bango, ni na ba ta su.

Yaya Sabo ya dawo hutun kaka ya tarar an share ɗakin. Ya same ni a bakin rijiya, na miƙa masa littafinsa. Bai karɓa ba. Ya ce, "Ta ji ƙarshen kuwa?" Na ce ta ji. Ya ce, "Duka?" Na ce duka. Sai ya ce alhamdulillahi, hawaye yana zuba amma har da ɗan murmushi. Ya buɗe baki zai ƙara tambaya, mata suka iso da tuluna, ya ce in riƙe littafin, shi ba ya son ganinsa. Murmushin nan ya tsaya min a wuya. Na ce a raina, wane irin ɗan'uwa ne zai zauna ya rubuta wa yarinya marar lafiya mutuwar Auta, sannan ya yi hamdala don ta ji? Ni da ba na haɗiye magana, wannan ɗaya na haɗiye, don yayana ne, kuma don in na tone ta nawa laifin zai fito. Ya gama karatu, ya sami aiki a nesa, ya yi iyali. In ya zo gida da salla ya kawo min atamfa, in karɓa in yi godiya, iyakarta ke nan. Ya sha tambayar Inna me ya yi wa Dije. Hatsarin mota ya ɗauke shi yana da shekara arba'in da 'yan kai, ban gaya masa ba.

Littafin ya bi ni gidan miji a Balan, a ƙasan babbar kwalla, ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa. Na haifi tara, na binne uku, na aurar da sauran. Sai da maigidana ya rasu, na haura hamsin, sannan na shiga ajin manya da aka buɗe wa mata da yamma a makarantar Islamiyyar unguwarmu. Kada in yi ƙarya, ba don littafin na shiga ba. Yara ne suka saya min waya, na gaji da kiran mai nama in ina neman 'yata. Malamar tamu sa'ar autata ce, tana ce min Iya, ina ce mata Malama, in ta gyara min baƙi in ce ai na gani, gwada ta nake. Shekara biyu na yi kafin baƙaƙe su daina yi min gudu. Wata rana ina neman zanin da zan bayar gudummawar biki, hannuna ya taɓa shuɗin bangon nan.

Gara ta ci gefe ɗaya, tawadar ta koma ruwan ƙasa, kuma rubutun haɗe yake irin na 'yan makarantar da, ba irin na allon Malama ba. Na fara daga farko, da yatsa, ina furtawa a fili kamar mai biya hadda. Wata guda na yi. Ga akuyar, ga tuwon, ga taimama a kan dutse. Muryarsa nake ji. Da na zo inda ruwa ya kai wuya na rufe, na yi mako ban taɓa ba, don na san abin da ke gaba kuma ba na son in gan shi da hannunsa. Ranar da na buɗe, da hantsi ne, ina zaune a bakin ƙofa saboda haske.

Sarƙar ta tsinke. Mayafin ya yage, ba halin tashi, sai Mai Mayafi ya zuba da gudu a ƙasa kamar kowa, ƙaya tana sukarsa. Ya iso ruwa ya kai wa Auta haɓa, ta ɗaga kai sama tana numfashi da hanci, ba ta yi kuka ba. Ya ɓalle ƙofar, ruwan ya kwashe miyagun. Ya goya ta don ƙafafunta suna ciwo, ya kawo ta gida, uwarsu ta dama kunun tsamiya, Auta ta shanye ƙwarya guda. A shafi na ƙarshe ma ya daina cewa Auta. Ga abin da ya rubuta, na haddace shi: "Da kaka ta yi, Azumi ta warke sarai, ta shiga tsakiyar gaɗa, yayarta tana yi mata tafi." Na karanta layin nan sau uku ko na yi kuskure, don ni sabuwar karatu ce. Ban yi kuskure ba. Sai a lokacin na gane murmushin bakin rijiya. Shi ya ɗauka na sami wanda ya karanta mata. Ya tafi kabarinsa yana ganin ta mutu da wannan a kunnenta, ni kuma na yi shekara talatin ina gaishe shi da fuska a ɗaure.

Yanzu jikata Hafsa in ta zo hutu tana kallon irin mutanen nan a waya, masu mayafi kala-kala, wani ja wani baƙi, kuma ba mai cewa za a cire ta daga makaranta. Tana da littattafansu ma a cikin wayar. Na tambaye ta wata rana, in an mai da fim littafi, dole ne su zo ɗaya? Ta yi dariya ta ce, "Haba Kaka, ai kowanne da duniyarsa. Wani a fim ya mutu, a littafi yana nan har ya yi aure. Mai rubutun in ya kai wani wuri sai ya ɓalle ya bi tasa hanyar, daga nan kuma ba sa sake haɗuwa. Kowa ya san wannan." Na ce, ba kowa ba. Ta ce me na ce? Na ce ta tashi ta duba min tukunya.

Yaran yanzu ɗan shekara bakwai zai karanta maka shafi huɗu kafin shayi ya huce, ya miƙo maka ya koma wasansa. A ƙauyenmu na da an yi makaranta mai aji shida daidai inda rijiyar take, in na je gaisuwa ina jin su ta taga suna biya baƙaƙe da ƙarfi, mata da maza. Nakan tsaya in saurara har a fara kallona. Rumbun nan ya rushe tuntuni, Ɗanjuma ya tsufa ya makance a Gafasa, ko fim ɗin bai tuna ba da na tambaye shi. Littafin yana nan, na sa shi a leda saboda gara. Wani lokaci da hantsi in gida ya yi shiru nakan ɗauko in karanta shafi huɗun nan a fili, a hankali, yadda yarinya 'yar shekara takwas za ta gane, duk da na san bango kawai nake karanta wa. Ƙarshen yana ƙarƙashin kan Azumi, ni kuwa na tafi kasuwa nemansa.